Tayar da Ke Jikin Katanga

Mota ta taɓa zama a tsakar gidanmu a Fagge, tsakanin madafa da rijiya, kuma ni na yi jinyar tayoyinta. In na faɗa wa jikokina haka sai su yi dariya, su ce yaya aka yi mota ta bi ta zaure. Ba ta zaure ta shigo ba. Katanga aka fasa mata.

Maigidana na fari direba ne. Sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba yana nan, ba kuwa yanzu zan fara ba. Ya daɗe yana tuƙa manyan motocin gyaɗa na mutane, yana tara ɗan abin da ya samu, har ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota baƙa a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Injin ya gaji, kujerun sun sha zama, amma tayoyi huɗu sababbi fil ya sa mata, a zamanin da taya ba abin wasa ba ce. Niyyarsa ya riƙa haya da ita daga tashar jirgin ƙasa zuwa cikin birni. Bai kai ga farawa ba sai wani mai lori ya neme shi ya kai masa maniyyata gabas, ta Maiduguri har bakin ƙasar Sudan. Ya ce tafiya ɗaya ce, zai dawo kafin ruwan farko da abin gyaran inji.

Bai yarda ya bar ta a titi ba. Ya kira magina suka rushe katangar da ke kallon hanya, aka turo ta ciki, aka mayar da ginin. Da gaggawa aka yi, shi ya sa ta tsaya a karkace. Gefe ɗaya yana kallon tsakar gida da rana, ɗaya gefen ya kusa manne wa katanga, bayanta kuma ya shige lungu. Ranar tafiya ya zagaya ta, ya danna kowace taya da babban yatsa, ya ce da ni, "Ki kula mini da ƙafafunta." Ya ce in kula da kaina ma, gaskiya, amma sai da ya gama da motar. Na riƙe wannan a raina, na tanadi faɗan da zan yi masa in ya dawo.

Mu biyu ya bari a gidan, ni da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Ban haihu ba tukuna. Yayansa, ɗan kasuwar yadi a Kantin Kwari, shi ya ɗauki cinmu da shanmu, yana zuwa duba mu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ruwan farko ya zo ya wuce. Damina ta kama ta saki. Labari kuwa ba a rasa ba, sai dai kowanne da inda ya nufa. Wani ya ce ya gan shi a gonakin auduga a Sudan yana tuƙa motar wani Balarabe. Wani ya ce ai ya sa niyya ya ƙetare teku da maniyyatan. Wani ya zo ya zauna a zaure ya yi ta jan numfashi yana maganar zazzaɓin da ya kama ayarin, da aka matsa masa sai ya ce shi ma ji ya yi. Fagge kuwa unguwar direbobi ce, ba a yini ba a ji ham ɗin lori ba. Kowane ham sai na tashi. In ina tuƙa tuwo in ajiye muciya in leƙa zaure, in dawo in tarar ya yi gudaji. Na daina iya zama wuri ɗaya. Inna takan ce, "'Yar nan, tabarmar ƙaya gare ta?"

Wata Juma'a da bazara Yaya ya tsuguna gaban motar ya daɗe. Da ya miƙe ya karkaɗe riga, ya juya wa ƙofar ɗakina baya kamar yadda ya saba in zai yi mini magana, ya ce, "Darajar abin nan duk tana ƙafafunta. Rana tana cin su. Ranar da na ga tayoyin nan sun tsage, zan sa a fasa katanga a sayar da ita kafin ta zama buhun ƙarfe."

Maganar ta kai kunnen mahaifina a cikin birni, shi ma ya aiko da tasa. Ya ce muddin dangin miji na ajiye masa motarsa, to suna sa ran dawowarsa, shi ba zai riga su yanke ƙauna ba. Amma ranar da motar ta fita daga gidan, ranar zai aiko a ɗauke ni, ya kai maganar auren gaban alƙali. Haka aka ɗaure aurena a jikin roba huɗu, ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni ma a lokacin, abin da zan ce ɗaya ne: ina son mijina, ina nan sai ya dawo.

Na iya famfon iska da jak ɗin ɗaga mota, don duk suna cikin akwatin bayan motar kuma na sha ganin yana amfani da su. Na ɗaga ta na tura tsofaffin turame ƙarƙashinta don nauyin ya sauka daga kan tayoyin. Iska kuwa na yi ta ba su har cinyoyina suka yi tauri. Abin da ban sani ba shi ne me ake shafa wa roba don kada ta bushe.

Inna ce ta fara ganin 'yan siraran layuka a tayar gaba ta ɓangaren rana. Ta shafa su da yatsa ta ce, "Faso ne." Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙon man kaɗe. Ta ce autanta tun yana yaro haka dugadugansa ke yi da rani, kuma da wannan man ta yi renon ƙafarsa har ya girma. Ta zauna a kujerar tsugunno tana murza man a tafin hannu tana bin tayar da shi a hankali, har da lallashi. Daga ranar tayar nan ta zama tata, ba ni da iko da ita.

Man kaɗe ba ya ƙyalli sosai, amma yana mayar da baƙin roba ya yi kyau, ya yi laushi a ido. Kwana kaɗan yake yi. Ƙasar tsakar gida ta manne masa, tayar ta koma ja kamar an yi mata kunshi, sai an wanke an sake. Akuyarmu kuma ta gano shi. Da safe sai mu tarar ta lashe rabin tayar tas tana kallonmu ba ko kunya. Ɓeraye ma suka fara kawo ziyara. Araha dai yana da ita, don Inna ba ta rabo da shi.

Ta baya ta ɓangaren rana ni na ɗauka. Matar maƙwabcinmu, shi ma direba, ta miƙo mini gwangwani ta saman katanga, cike da baƙin man da ake zubarwa daga inji. Ta ce duk 'yan tasha shi suke shafawa in za a yi rakiyar amarya. Kyauta ne, ga shi kuma da aiki. Shafa ɗaya na yi tayar ta ɗauki wani irin sheƙi, ruwan sama ya zuba a kai ya gangare bai taɓa shi ba. Makonni suka wuce yana nan. Akuya ta sansana ta yi atishawa ta bar wurin.

Yaya kuwa mutumin yadi ne, idonsa a wurin mabuga masu fito da ƙyallin riguna ya yi karatu. Duk abin da ke ɗaukar ido, a wurinsa lafiyayye ne. Ya zo Juma'a ya ga tayata, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam kamar yau aka sayo ta." Ya dubi ta Inna ya ce a ƙara mata himma. Ranar na ci tuwo har da ƙari, na kuma yi wa Inna 'yar dariyar da bai kamata suruka ta yi ba.

Na yi ta shafawa, ina ƙarawa tun ba ta buƙata ba, don hannuna ya sami abin yi. Can wata rana ina ba ta iska na dafa gefenta, sai na ji yatsana ya nutse. Na ɗago hannu na ga baƙi ya biyo shi, mai danƙo, ba na mai kaɗai ba. Robar ce ke narkewa. Daga nesa tana nan tana walƙiya, amma gefenta ya kumbura ya yi taushi kamar ƙullin da ya kwana. Na zagaya tsakar gidan nan ban san sau nawa ba, in shiga madafa in fito ba abin da na ɗauko.

Akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ke shigowa gidajenmu da tire a ka, tana sayar da sabulu da hoda da zaren saƙa. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Madam muke ce mata. Mijinta mai faci ne kusa da tasha. Na ja ta gaban motar na ɗora yatsanta inda nawa ya nutse. Ta tsuke baki ta ce, "Matar direba, wa ya ce ki ba ta wannan? Zo ki ji daga bakin maigidana, kada in rage miki wani abu a hanya."

Ban taɓa taka Sabon Gari ba sai ranar, duk da ana jiyo ƙararrawar cocinsu daga gidanmu. Inna ta yafa mayafi ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Muka tsallaka titi muka bi layukan nan miƙaƙƙu, gidajen kwano a jere, ƙamshin manja da busasshen kifi, waƙar garmaho na tashi daga wani shago, mata suna tafe kai ba ɗankwali ba wanda ya kalle su. Ni dai sauri nake kamar ana kora ta, Inna na bina da ƙyar tana cewa ai Sabon Garin ba guduwa za ta yi ba.

Rumfar mai facin tana bayan wani tulin matattun tayoyi da ya fi ni tsawo. Na tsaya ina kallonsu, wasu sun dare, wasu zare ya fito musu, duk sun yi fari-fari. A gefe wani dattijo na yanka su yana fitar da takalma. Na kawar da kai.

Mai facin ya goge hannu ya gaishe da Inna har ƙasa, sannan ya saurari matarsa. Ya ce, "Mama, mai kowane iri ba abokin roba ba ne. Na inji ya fi sauri, na ci yana bi a hankali. Ku wanke su da sabulu, ku rufe da buhu, ku ƙyale su."

Na ce daga bayan mayafi, "In na ƙyale su sai su yi fari. Wanda ke dubawa kuma baƙi yake so ya gani."

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ta yi masa wata magana da yarensu. Sai ya ɗauko wani ɗan gwangwani daga kan kanta ya ce wannan fentin taya ne daga kantin Turawa, shi ba ya cin roba, sai dai tsada. Tsadar kuwa ta gaske ce. Sai da na cire manyan kwanoni biyu masu fure daga jerena na ba Madam ta sayar, gurbinsu ya zauna a bango kamar an cire haƙori.

Washegari da safe na fito na tarar da ita a kujerarta da ƙoƙon man kaɗe, tana shafa wa tayarta kamar ba ta ji komai jiya ba. Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, ba ki ji abin da mutumin nan ya ce ba? Cinye ta kike yi."

Ta ce, "Shi ya san roba, ni na san faso."

Na ce, "Roba ba fata ba ce, Inna. Kuma wannan ba ƙafar ɗanki ba ce."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta rufe ƙoƙon da faifai ta miƙe ta shiga ɗaki, daga ranar ta ɗauke hannunta daga motar. Na bi ta da fura da rana na durƙusa, ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, amma kunyar ta daɗe tana bina.

Fentin bai kama tayoyin ɓangaren rana ba, don sun riga sun sha mai. Yana bushewa yake tashi kamar ɓawon albasa. Sai na juye shi duka a kan ta gaba ta ɓangaren katanga, wadda nake iya kaiwa in na kwanta a gefe. Nan ya zauna daram. Baƙinsa ba na wasa ba ne, ba ya kama ƙasa, akuya ba ruwanta da shi, damina guda ta zuba a kansa bai motsa ba. Na ce to, na sami magani, kwanonina ba su tafi a banza ba. Amma gaban motar yana shan ranar hantsi, da zafi ya dawo sai fentin ya fara tsattsagewa kamar bakin tafki da rani. Na ɓanɓare kaɗan da farce in ga abin da ke ƙasa. Faso na nan, ya ma ƙara zurfi. Duk watannin nan rufe mini ido kawai ya yi.

Ta huɗun, ta baya da ke cikin lungu, ba abin da na taɓa shafa mata. Tsakaninta da katanga bai wuce tafin hannu ba, kafaɗata ba ta shiga, kuma na taɓa ganin kunama a wurin. Da ƙyar nake zura hannu ta ƙarƙashi in sa mata bakin famfo. Yaya ma ba ya ganinta in ba ya kwanta a ƙasa ba, shi kuwa ba mai kwanciya a ƙasa da babbar riga ba ne. Na bar ta da yanar gizo-gizo, ina jin haushin kaina duk ranar da na tuna na yi watsi da ita.

Madam ce ta kawo mini dabara ta ƙarshe. Ta ce direbobin Turawa in maigida zai fita biki, sukari suke narkawa a ruwa su goga. Ni kuma na ƙara da ɗan ƙaro irin na masu tawada don ya kama. Wannan kam bai da na biyu a ƙyalli. Yana cike faso, ya mayar da tsohuwar taya amarya, kuma ba ya cutar da ita, ruwa ɗaya ke wanke shi. Sai dai ransa gajere ne. In na shafa da hantsi, kafin la'asar kiyashi sun yi sahu daga bakin rijiya, ƙudaje sun sauka, ƙyallin ya dushe. Saboda haka duk mako tayoyin suna lulluɓe da buhu, ranar Juma'a kuma ina jin an tayar da salla sai in yaye in hau gogawa, in gama daidai sallamar Yaya. In ya tsaya hira da mutane a hanya sai in rasa inda zan sa kaina, ina leƙen zaure ina korar ƙuda da mafici. Sukarin shayin Inna duk a nan ya ƙare, ba ta taɓa tambaya ba.

In da za a ce in yi musu hukunci yau, man kaɗe ya fi kowa niyya mai kyau, kuma bai hana komai ba. Baƙin mai ya fi daɗewa a ido, shi ya fi kisa, ga shi kyauta ake ba da shi. Fenti ya ci kwanonina ya yi mini ƙarya mai tsawo. Ruwan sukari ƙaryarsa ta rabin yini ce, shi kaɗai ne kuma bai karɓi komai daga jikin robar ba. Amma a lokacin ba hukunci nake yi ba, Juma'a kawai nake son in tsallake.

Haka muka yi ta yi har damina ta sake zagayowa ta wuce, wata ma ta biyo ta. Masu kawo labari suka ragu, sannan suka ɗauke ƙafa. Ni kuma wani abu ya fara canzawa a cikina wanda ban gaya wa kowa ba. Na nemi muryarsa a kaina na rasa. Faɗan nan da na tanada na manta yadda ya fara. Sa'o'ina da aka kai ɗaki bayana suna wucewa da goyo. In na ji ham har yanzu ina tashi, amma sai in tsaya a tsakiyar tsakar gida in rasa abin da nake fata.

Wata Juma'a Yaya bai zo shi kaɗai ba. Ya yi sallama ya ce a gyara, yana tare da baƙo. Na shige ɗaki na saki asabari ina leƙe ta tsakaninsa. Mai facin nan ne na Sabon Gari. Yaya ya sa aka ɗebo ruwa a rijiya, da hannunsa ya watsa wa tayoyin, sukarina ya bi ƙasa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na gaji da komawa gida da kiyashi a riga." Ashe ya daɗe da sani.

Mai facin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta Inna ya ce ta tafi. Tawa ta baƙin mai ko dannawa bai yi ba, ya girgiza kai. Ta fentin kuwa ya kankare ta da wuƙa ya ce ita ma ba za ta kai Zariya ba. Ina tsaye bayan asabari na ce a raina shi ke nan, gobe magina za su zo. Sai ya kwanta rub da ciki ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito da yanar gizo-gizo a gashinsa. Ya ce, "Alhaji, ta lungun nan lafiyarta ƙalau. Ko layi ɗaya babu. Rana ba ta ganinta, ba a kuma shafa mata komai ba. In aka bar ta haka za ta yi shekaru."

Yaya ya tattare babbar rigarsa, abin da ban taɓa gani ba, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya zura hannu ya taɓa ta. Da ya tashi gaban rigar duk laka, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Cewa na yi ranar da tayoyin suka tsage. Wannan ba ta tsage ba." Ya juya ya fita ko sallama bai yi ba. Sai ranar na tuna mijina ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Juma'ar nan shi ma da tsoro yake shigowa.

Ya kamata in yi murna. Na ci nasara, motar na nan, aurena na nan. Na zauna a bakin gado na jira murnar ba ta zo ba. Kalmar mai facin ce kawai ke yawo a kaina, shekaru. Ba sauran abin gogawa, ba sauran Juma'ar da zan tsallake, abin da ake so da ni yanzu in naɗe hannu in bar taya ta yi ta rayuwa a lungu, ni ma in yi ta zama kusa da ita. Kuka ya zo mini, kuma ba na kewarsa ba ne. Na gaji ne, ina son ɗa, ina son wanda zai shigo da yamma in yi masa faɗa.

Gwangwanin baƙin man yana nan a kan katanga inda na ajiye shi tun ranar da na gane halinsa. Duk Fagge ba wanda ya fi ni sanin aikinsa. Kullum in na fito shara sai idona ya je kansa, in kawar, in sake kai shi. Ban taɓa shi ba. Amanar da aka bar mini ke nan, kuma wani ɓangare na zuciyata har lokacin yana jiran ham. Na rame, na daina cin abincin kirki, in ɗauki tsintsiya in share inda na share. Inna tana kallona daga ƙofar ɗakinta. Ita da ba ta da kowa a gidan sai ni, ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke dama mata fura, ni ke taya ta sauraron titi.

Wata safiya na dawo daga kai niƙa maƙwabta na duba kan katanga ban ga gwangwanin ba. Na ji motsi ta bayan motar. Na zagaya, sai ga ƙafafun Inna sun fito daga lungun. Ta kwanta a gefe ɗaya, ta cusa siririn hannunta har kafaɗa a inda nawa bai taɓa shiga ba. Gwangwanin na buɗe kusa da kanta, tsumma a hannunta ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Tana bin tayar da shi a hankali, yadda take yi da man kaɗe a da.

Na durƙusa na kama zaninta. Na ce, "Inna, wannan ne fa mai kashewa. Kin san shi ne."

Ba ta daina ba. Ta tsoma tsumman ta sake zura hannu.

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ai ina wurin aka faɗa."

Na ce, "To in ya dawo fa?"

Hannunta ya ci gaba da tafiya a jikin robar. Sannan ta ce, "In ya dawo uwarsa zai tarar, ni ba inda za ni. Ke kuwa zamanki ya isa haka. Miƙo mini gwangwanin nan kusa, hannuna ba ya kaiwa."

Na daɗe a durƙushe ina kallon dugaduganta, duk sun yi faso, rabon da ta shafa musu mai tun ranar da na yi mata tsawa. Sannan na tura mata gwangwanin.

Kafin kaka tayar lungun ta narke, magina suka zo suka fasa katangar aka fitar da motar, mahaifina kuma ya aiko a ɗauke ni. Maigidan bai dawo ba, har Inna ta rasu a gidan Yaya ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ranar da zan bar gidan Inna ta raka ni har zaure, ta riƙe hannuna da nata, baƙin man bai gama fita daga ƙarƙashin farcenta ba.